Na tara wa ɗan yayata kuɗin jinya a intanet, yanzu ni ce abar zargi

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ɗan yayata ne mai shekara 6 tafasasshen ruwa ya ƙona shi sati 5 da suka wuce, ƙirji da wuya da hannun dama, har yanzu muna asibiti, an yi masa tiyata ɗaya ta dashen fata. Da na ga abin ya fi ƙarfinmu sai na rubuta a Facebook da status ɗina na WhatsApp na sa hotonsa da lambar akawun ɗina, wallahi ban zaci zai yaɗu haka ba, cikin kwana 10 aka tara kusan ninki biyu na abin da asibiti suka faɗa mana da farko. To daga nan na shiga uku. Baban yaron tun farko bai so ba, ya ce na mayar da shi mabaraci a idon duniya, yanzu kuma ya ce in tura masa ragowar tunda ɗansa ne, zai biya bashin da ya ci ranar da abin ya faru, kuma tun lokacin bai fita nema ba. A komen wasu na cewa in kawo risit, har wata ta rubuta wai an gan ni da sabuwar waya. Wani kuma ya ɗauki hoton yaron ya liƙa wata lambar akawun daban yana karɓar kuɗin mutane. Yayata ba ta barci, tana ta karanta masu cewa sakacinta ne. Anti na gaji. In rufe komai in miƙa masa kuɗin in cire hannuna?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya tashi kafaɗun yaronmu, ya ba yayarki haƙuri da ƙarfin zuciya. Na karanta saƙonki sau biyu, kuma abin da na fara gani shi ne yarinyar da ta ga ɗan 'yar uwarta a kwance kowa ya ruɗe, ita ta ɗauki waya ta yi abin da za ta iya, kuma abin ya yi aiki, don da ba ki yi ba ƙila da tiyatar nan ba a yi ta a kan lokaci ba. Wannan kar ki bari surutun mutane ya goge miki shi. Amma tunda shawara kika nema ba lallashi kaɗai ba, amsata ita ce a'a, kar ki miƙa kuɗin a dunƙule ki tafi, sannan kar ki ci gaba da riƙe su ke kaɗai a akawun ɗinki kamar yadda suke yanzu. Duk biyun za su dawo su cije ki.

Bari in fara da kalmar nan da ku duka kuke amfani da ita, wai "ragowa". Ƙanwata babu wata ragowa tukuna. Abin da asibiti suka faɗa muku da farko lissafin farko ne, na ceto rai da rufe ciwo, ita kuwa ƙuna mai zurfi a jikin yaro ba ta ƙarewa ranar da aka sallame ku. Bayan dashen fata akwai wankin ciwo da canjin bandeji, akwai wurin da aka yanko fatar shi ma ciwo ne da sai ya warke, wani lokacin ma wani sashe na dashen ba ya kamawa sai an sake. Tabon ƙuna kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya gama zama, a tsawon lokacin nan yana iya yin kauri ya tsuke, kuma ki duba inda ta kama shi, wuya da hannu, wuraren da ake lanƙwasawa kenan, in tabo ya tsuke a nan sai ki ga yaro ya kasa miƙe hannu ko ɗaga kai sosai. Shi ya sa ake haɗa su da likitocin gashin ƙashi su riƙa motsa gaɓoɓin, wasu a sa musu abin da zai riƙe gaɓar a miƙe, wasu a ɗinka musu matsattsiyar rigar da ke danne tabo wadda ake sawa kusan dare da rana, kuma ana canza ta in ta saki ko yaro ya girma. Ga shi ɗan shekara 6 ne, jikinsa zai yi ta girma shi kuwa tabo ba ya miƙewa daidai da lafiyayyar fata, don haka ba abin mamaki ba ne nan da wasu shekaru a ce sai an sake shiga tiyata a saki wurin. Ba tsoratar da ke nake ba, yara da yawa suna warkewa su koma makaranta su yi wasansu. So nake ki gane kuɗin da ke hannunki yau na watanni masu zuwa ne, kuma ranar da za ku sake buƙata mutanen intanet sun riga sun wuce wani labarin.

Wannan shi ne abin da mutane ba sa so a faɗa. Tausayin intanet kamar ruwan sama mai ƙarfi yake, ya zubo lokaci ɗaya ya ɗauke. Ko a manyan shafukan tara gudummawa irin su GoFundMe, wanda aka buɗe a Amurka a 2010, binciken da aka yi kan gidauniyoyin jinya ya nuna mafi yawansu ba sa kaiwa adadin da suka nema. Ku kun dace, naku ya wuce. To abin da aka dace da shi sau ɗaya ba a wasa da shi da tunanin za a sake samu.

Don haka abu na farko, kafin ki sake magana da kowa kan kuɗi, ku samu likitan da ke duba shi, ke da iyayensa biyu a tare ba ke kaɗai ba, ku ce ya zayyana muku abin da yake hange daga nan zuwa shekara guda, tiyata nawa ake tsammani, gashi sau nawa a sati, magunguna, rigar tabo in za a buƙata, zuwa ganin likita bayan sallama. Ba zai iya ba ku lissafi na ƙwandala da ƙwandala ba, amma zai ba ku ƙiyasi, in da hali a rubuce. Na fi so baban yaron ya ji wannan daga bakin likita, don in daga bakinki ya fito zai ji kamar ƙanwar matarsa ce ke neman hujjar hana shi, in kuwa likita ne ya faɗa, uba ne ke jin abin da ke gaban ɗansa.

Yanzu maganar shi baban. Na san kina jin haushinsa, kina cewa a ranki wanda ya ce ba ya so shi ne kuma yau yake cewa a ba shi. Amma ki tsaya ki shiga rigarsa na minti biyar. Mutum ne da ɗansa ya ƙone bai iya hanawa ba, aka faɗi kuɗi bai iya biya ba, sai ya wayi gari hoton ɗansa na yawo a wayoyin abokan aikinsa da mutanen da bai taɓa gani ba, kuma ba a tambaye shi ba. Ki lura da wannan, a wasiƙarki ba ki ce kin nemi izininsa ba, kin ce bai so ba. Niyyarki mai kyau ce amma kin tsallake shi, kuma wannan haƙuri ɗaya ne da ya kamata ki ba shi ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Ki same shi a natse ki ce, Yaya na yi gaggawa, ya kamata in shawarce ka kafin in sa, ka yi haƙuri. Shi kenan. Za ki sha mamakin yadda rabin faɗan zai mutu a nan, don sau da yawa namiji in ya ce a ba ni kuɗin, abin da yake nufi a ƙasa shi ne a dawo min da matsayina a kan lamarin ɗana.

Kuma buƙatarsa ba ta banza ba ce. Bashin da ya ci ranar da abin ya faru, in don a karɓi yaron a asibiti ne ko sayen magani, ai kuɗin jinya ne, babu wanda ya bayar da gudummawa da zai ce kar a biya shi. Ya kawo lissafin wanda ya ranta masa da abin da aka yi da su, a biya kai tsaye. Inda ake buƙatar taka tsantsan shi ne ɗaya ɓangaren, na cewa bai fita nema ba. Jinyar yaro tana cinye gida gaba ɗaya, kuɗin mota zuwa asibiti, sauran yaran da aka bari, haya ba ta jira, kuma ni a ganina ba laifi ba ne a ware wani abu ƙayyadadde duk sati don gidan ya tsaya da ƙafarsa, yaron da za a sallama ai gidan zai koma. Sai dai ya danganta da abin da kika rubuta a fostin ɗin farko. In kin ce "kuɗin tiyata da magani", to mutane a kan haka suka bayar, sai ki fito ki sanar cewa za a ware kaso kaza don ɗawainiyar masu jinya, wanda bai yarda ba ya yi magana a mayar masa da nasa. Da wuya ki samu mutum biyu da za su ce a mayar. Amma in kun yi shiru kuka yi, ranar da ta fito sunanta cin amana, ko da abu ɗaya ne aka yi da kuɗin.

Sai batun inda kuɗin za su zauna. Kuskuren da kusan kowa ke yi a ruɗewar farko shi ne naki, sa akawun ɗin da kike sayen data da shi, ake turo miki albashi ko kuɗin sana'a a ciki. Yanzu in aka ce ki rantse nawa ne na yaro nawa ne naki sai kin zauna da biro. Ki nemi sitetimen na banki tun daga ranar da kika yi fostin, ki bi layi layi ki ware duk abin da ya shigo da sunan gudummawa da duk abin da ya fita, sannan a buɗe akawun daban na wannan jinya kawai, wanda kuɗi ba sa fita sai mutum biyu sun sa hannu. Ni zan ce mutum uku su riƙe, uban yaron, ke ko yayarki, da wani babba guda da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa wanda kuma ba shi da buƙata a cikin kuɗin. In buɗe irin wannan akawun zai ɗau lokaci, ki tambayi ofishin kuɗi na asibitin ko suna karɓar ajiya da sunan majinyaci a riƙa cira daga ciki, da yawa suna yi, ki zuba kaso mai tsoka a can ki karɓi risit. Kuɗin da ke hannun asibiti ba mai zuwa da daddare ya ce a ranta masa zuwa ƙarshen wata. Ki yarda da ni, masu zuwa rance suna nan tafe in ba su riga sun fara ba, kuma 'yan uwa ne, waɗanda ba za ki iya ce wa a'a ke kaɗai ba. In sa hannu biyu ne sai ki ce ba a hannuna yake ba, magana ta ƙare.

Masu cewa ki kawo risit kuma, kar ki ɗauke su maƙiya. Na san da zafi, kina kwana a kan kujerar asibiti wani yana kwance a gidansa yana tuhumarki. Amma an sha damfarar mutane da hotunan marasa lafiya, ga shi ma a kanku wani yana yi, to wanda ya cire daga ɗan abin da yake da shi ya tura wa baƙuwa yana da haƙƙin ya tambaya. Ki riga su. Ki yi fostin ɗaya, a natse ba cikin fushi ba, ki ce abin da ya shigo kaza, abin da aka kashe kaza a kan kaza da kaza, abin da ya rage kaza, ga abin da likita ya ce yana gaba, an dakatar da karɓar gudummawa a tsohon akawun, kuɗin yanzu suna ƙarƙashin mutum uku. Ki sa hoton risit amma ki rufe cikakken sunan yaron da lambar fayil ɗinsa da lambobin waya. Daga nan duk sati biyu ko duk wata ki sake irinsa, gajere. Ita kuwa mai maganar sabuwar waya, kar ki tanka mata ko da harafi ɗaya, in kin amsa kin ba ta abin da ta zo nema, gobe sai ta ce takalmi. Lissafin da kika fitar ya ishe ta amsa.

Hoton nan shi ya fi damuna a duk wasiƙarki, fiye da kuɗin ma. In hoton ciwon ne a buɗe ko fuskarsa yana kuka, ki sauke shi yau. Na san ba zai goge wanda mutane suka riga suka ajiye ba, amma a daina ƙarawa. Yaron nan zai girma, zai shiga aji da yara masu waya, kuma yaron da ke ɗauke da tabo a wuya dama yana da aiki a gabansa na saba wa kallon mutane, bai kamata a ce ranar da ya fi kowace rana wahala a rayuwarsa tana nan a ajiye kowa zai iya nemowa ba. Yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 16, ta ce yaro ma yana da haƙƙin a kare sirrinsa, ba sai babba ba. Kuma ɗan shekara 6 yana da baki, in ya ji sauƙi ku tambaye shi, kana so a nuna wa masu yi maka addu'a zanen da ka yi? Hoton hannunsa mai lafiya riƙe da fensir ya isa ya gaya wa mutane yana samun sauƙi.

Shi kuma ɓarawon da ya liƙa lambarsa, ki yi sikirinshot na fostin ɗinsa da sunan shafin da lambar akawun da ranar, kafin ya goge. Ki kai rahotonsa ta wurin da Facebook suka tanada don damfara, ki roƙi mutanenki su ma su yi, ki kai ƙorafi a rubuce ga bankin da lambar take, don su sun san mai ita, sannan baban yaron ya kai wa 'yan sanda, shi ne uba, maganarsa ta fi nauyi a nan, kuma wannan ma wata hanya ce ta ya ji yana kare ɗansa da hannunsa. A fostin ɗinki ki faɗa ƙarara cewa duk wata lamba da ke yawo ba taku ba ce. Kar ki shiga inbos ɗinsa kina zagi, ba zai ji kunya ba, zai dai toshe ki ya canza suna.

Yayarki. Ƙanwata wannan baiwar Allah ba ta buƙatar wani ya ce mata sakacinta ne, ita da kanta tana faɗa wa kanta haka sau ɗari kafin asuba, komen ɗin take bi tana neman wanda zai tabbatar mata da hukuncin da ta riga ta yanke wa kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙuna na kashe mutum kusan 180,000 duk shekara, kuma yara ƙanana galibi a cikin gida suke ƙonewa, a gaban iyayen da ke sonsu, cikin ƙiftawar ido. Ba lissafi ne zai warkar da ita ba, na sani, amma ki riƙa maimaita mata cewa hatsari ne har ta fara ji. Ki rufe komen a fostin ɗin ko ki taƙaita shi ga abokai, ki goge na cin mutunci ba tare da neman izinin kowa ba, shafinki ne. Ki roƙe ta ta cire Facebook daga wayarta na ɗan lokaci, ke ki riƙa tsinto mata addu'o'i da kyawawan saƙonni kina karanta mata. In rashin barcin ya ci gaba, ko tana firgita tana ganin abin yana dawo mata, ko ta daina cin abinci, ki gaya wa nas ko likitan yaron a haɗa ta da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, iyayen yaran da suka ƙone suna shiga irin wannan sosai kuma ana taimaka musu.

Akwai wata dabara da za ta rage muku hayaniya. A 1997 wata mata a Amurka, Sona Mehring, ta buɗe wa abokanta shafi lokacin da suka haifi bakwaini, don 'yan uwa su riƙa ganin halin da ake ciki a wuri ɗaya ba sai an yi ta kiran iyayen ba, daga nan aka samu CaringBridge, shafin intanet da ake sanar da dangi halin da majinyaci ke ciki. Ba sai kin je can ba, ki ɗauki tunanin kawai. Ki buɗe guruf na WhatsApp na dangi da makusanta, ki saita shi admin kaɗai ke iya rubutu, duk kwana biyu ko uku a sa layi uku kan jikin yaro, wanda iyayensa suka gani suka yarda kafin a tura. Labarin jikinsa ya tsaya a nan, lissafin kuɗi kuma ya tafi fili inda aka tara su. Kuma duk wanda ya ce "in akwai abin da zan yi a faɗa min", kar ki ce ba komai, ki ba shi aiki da rana, wane zai kai sauran yaran makaranta, wance za ta karɓi yayarki kwana ɗaya ta je ta yi barci, wane zai riƙa kai su gashi bayan sallama, masu iya ba da jini su je a gwada su tun kafin tiyata ta gaba. Irin wannan taimakon shi ke ƙaranci a wata na uku, lokacin da alat ya daina shigowa.

To in kin yi duk wannan baban ya kafe sai dai a ba shi duka fa? Kar ki tsaya musu da shi ke da shi, kuma kar ki sa yayarki a tsakiya ta zaɓa tsakanin mijinta da ƙanwarta a bakin gadon ɗanta. Ki kai maganar gaban babban nan da kuka amince da shi, ki ajiye sitetimen da ƙiyasin likita, ki ce ni na yarda in cire hannuna gaba ɗaya, da sharaɗin kason jinya ya tafi asibiti kai tsaye da sunan yaro, sauran a miƙa a gaban shaidu a rubuce, ni kuma zan sanar da waɗanda suka bayar cewa daga yau lamarin ya koma hannun iyayensa. Wannan fita ce mai tsabta, kuma kina da damar yin ta in kin gaji, ba wanda ya ɗaura miki wannan aikin har abada. Wadda nake hana ki ita ce ta transfa ɗaya da tsakar dare cikin fushi, ba shaida ba rubutu, don sunanki ne a kan fostin ɗin, in bayan wata 4 aka ce ana neman kuɗin tiyata ta biyu ke za a tambaya ina na farko.

In kuma Allah ya sa an gama komai da gaske wani abu ya saura, tun yanzu ku rubuta abin da za a yi da shi ku sanar, ko a ajiye masa don tiyatar da ka iya tasowa yana girma, ko a biya wa wani yaro da ke kwance a ɗakin da kuke. Ku yanke tun ba a san nawa ba ne, ya fi sauƙi.

Yau da daddare abu biyu kawai nake so ki yi, ki sauke hoton, ki rufe komen. Sitetimen da likita da zuwa wajen baban yaron duk su jira gobe bayan kin yi barci. Ki rubuto min bayan kun ga likitan in ji abin da ya ce game da wuyan.